Hasken Filashi da Duhun Dandali

Wanda ya fita daga Kano ya kama hanyar Ɗambatta, ko ya miƙe ta Bichi zuwa Tsanyawa, zai yi tafiya mai nisa bai ga daji ba. Gona ce jingine da gona, ƙauye na hango ƙauye, gawo da ɗorawa da kuka na tsaye a tsakiyar shuka, kowace bishiya da mai ita. Ƙasa ce da ake nomawa kowace damina ba a barin ta ta huta, kuma taki ne ya riƙe ta: na dabbobin da ake turkewa a gida, da na jujin birni da aka daɗe ana ɗaukowa a kan jakuna. Tun shekarun 1960 wannan tsari ya ja hankalin masana. Michael Mortimore, Baturen Ingila da ya koyar a Zariya sannan a Jami'ar Bayero, ya daɗe yana nazarinsa, kuma cikin kayan aikinsa har da hotunan da jiragen sama suka riƙa ɗauka. Da su aka bi iyakokin gonaki, aka ƙidaya itatuwa, aka nuna cewa yawan jama'a bai cinye bishiyoyin karkarar Kano ba. Ke nan ranar wannan yanki tana da hoto, har daga sama. Darensa ne ba shi da shi.

Wannan giɓi ya isa a tsaya a kansa, domin a Afirka masu hoton da duniya ke girmamawa a yau, da yawansu dare ne ya rene su. Malick Sidibé na Bamako, Sanlé Sory na Bobo-Dioulasso, Philippe Koudjina na Yamai, in an gangara Kinshasa kuma ga Jean Depara, duk sun riƙa rufe shago bayan isha'i su bi samari wurin rawa. A shekarun 1960 Kano ta fi Bamako da Yamai jama'a ko da an haɗa su. Tana da silima, tana da otal, tana da makaɗa da masu kyamara. Amma babu mai hoton dare ɗaya daga Kano da sunansa ya zaga duniya kamar nasu. Amsar da aka fi saurin bayarwa ita ce addini, ni kuwa ba ta ishe ni ba. Bamako ma garin Musulmi ne, Sidibé kansa Musulmi ne, Bafulatani ɗan ƙauyen Soloba.

Sai a fara da abin da dare ke koya wa mai kyamara, don aikin situdiyo da aikin dare sana'a biyu ne. A situdiyo mai biyan kuɗi ne ke da iko. Shi zai zo da kayan da ya zaɓa, ya zauna yadda yake so a gan shi, mai hoto ya gyara masa karin hula ya ce kada ya motsa. Seydou Keïta, wanda ya buɗe nasa shagon a Bamako a 1948, ya kai wannan salo maƙura da hasken rana da ƙyalle a bango, yana ara wa mutane rediyo da agogo da babur a ɗauke su da su. Da dare kuwa ba mai tsaya maka. Filashi ba ya cin nisa, 'yan taku ne, abin da ke bayan nan duk ya koma baƙi ƙirin, don haka dole mai hoto ya kutsa cikin masu rawa har kafaɗarsu na gugar tasa. Ta madubin kyamara ba ya gani sosai a duhu, da kunne yake aiki. Ya san inda kiɗa zai karye, ya san lokacin da ƙafa za ta bar ƙasa, sai ya danna kafin abin ya auku. Fim ɗin manyan kyamarorin lokacin hoto 12 yake ɗauka, babu na gwaji. Ga kuma matsalar da kowane mai hoton biki a ƙasar Hausa ya sani: farar shadda tana mayar da haske, baƙar fata tana shanye shi. In ka bi ta shadda fuska ta nutse, in ka bi ta fuska aikin wuyan riga ya wanke. Wanda ya iya raba wannan gardama cikin ƙiftawar ido, ana turereniya, ya wuce ɗan koyo.

An haifi Sidibé a tsakiyar shekarun 1930. Ya yi makarantar koyon sana'ar hannu a Bamako, a 1955 kuma wani Bafaranshe mai shagon hoto, Gérard Guillat, ya ɗauke shi ya ƙawata masa shago, daga nan ya zama yaronsa. Maigida na zuwa shagalin Turawa, yaro na zuwa na 'yan ƙasa. Da Mali ta sami 'yanci a 1960, samarin Bamako suna da ƙungiyoyi na unguwa, kowace da sunanta, suna tara faifan garmaho suna shirya rawa. Sidibé kan hau keke ya zaga wurare da dama a dare guda, ya koma ya wanke fim kafin gari ya waye, ya manna ƙananan hotuna a kan kwali, ya sa lamba da sunan ƙungiya da kwanan wata, samari su zo su zaɓa su biya. Don ciniki aka yi kwalin nan, amma shi ya zama rumbun tarihin matasan birnin. Hotonsa da ya fi shahara na 1963 ne, wanda aka sa wa suna Daren Kirsimeti: saurayi da budurwa suna rawa, goshinsu ya kusa haɗuwa, ita ba takalmi, dukansu sun sunkuyar da kai. Babu wanda ya kula da kyamara. Wa da ƙanwa ne, in ji mai hoton. A 2003 aka ba shi kyautar Hasselblad, a 2007 ya karɓi Zakin Zinariya a baje kolin fasaha na Venice a Italiya, ya rasu a 2016.

Kada a ɗauka daren Bamako a sake yake. Gwamnatin Modibo Keïta tana da 'yan sintirinta da ke farautar masu gajeren siket da masu tara suma. Amma abin lura shi ne su wane ne a cikin hotunan. 'Ya'yan gida ne, 'yan makaranta da ƙananan ma'aikata, maza da mata, an san iyayensu. Hoton da aka ɗauke su ba abin ɓoyewa ba ne har abada. Yarinya za ta iya yin aure ta tafi da shi ɗakinta.

Na Yamai ya fi kusa da mu, labarinsa kuma ya fi ɗaci. Philippe Koudjina ɗan asalin Togo ne, an haife shi a 1940, ya zauna a Yamai tun yana saurayi, ya buɗe shago mai suna Photo Souvenir. Zamanin Diori Hamani ne. Gari ƙarami, amma cike da ma'aikatan gwamnati sababbin shiga albashi, da sojojin Faransa, da baƙi daga ƙasashen gaɓar teku. Shi mashaya da gidajen rawa ya fi bi, kuma ana gani a aikinsa: kwalabe a tebur, makaɗa da jita, Bature da 'yar gari. A shekarun ne Moustapha Alassane ya yi fim ɗinsa na 1966 kan samarin ƙauye da suka sa kayan kaboyi suka addabi garinsu, wanda ya nuna yadda silima ta shiga jinin matasan lokacin. Sojoji suka kifar da Diori a Afrilun 1974, fari ya riga ya karya ƙasar, dare ya yi sanyi. Daga baya injinan wanke hoto mai kala suka ƙarasa abin da ya rage na sana'ar baƙi-da-fari. Da wasu 'yan Holan biyu suka yi fim a kansa a 2006, cikin talauci da rashin lafiya suka nuna shi, alhali a Turai ana yaba aikinsa. Ya rasu a 2014.

To ina daren Kano? Yana nan, sai dai ganuwa ta yi masa iyaka. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, aka kafa Sabon Gari a 1913 domin baƙi, kuma can duk abin da Birni ba ya so a gani a cikinsa ya tare: giya, otal, gidajen rawa. Fagge na tsakani, ƙafa ɗaya nan ɗaya can. Silimar Rex ta buɗe a 1937 a wajen ganuwa. Ranar 13 ga Mayu 1951 silimar El Duniya ta kama wuta, mutane fiye da 300 suka halaka, kuma da yawa a cikin gari sun ɗauki abin a matsayin ishara. Da aka gina Palace a cikin Birni kusa da kasuwar Kurmi a farkon shekarun 1950, ba ƙaramar gardama aka yi ba. Brian Larkin, wanda ya yi nazarin silimomin Kano, ya nuna yadda wurin da aka kafa gidan kallo ya yanke masa hukunci tun kafin a haska fim ɗin farko. Hukuncin nan ya shafi kyamara. Masu situdiyon farko galibi 'yan kudu ne, musamman Yarabawa, waɗanda suka bazu da wannan sana'a a Afirka ta Yamma har Mopti ta Mali, inda Tijani Sitou ya yi suna. Bahaushen da ya so koyon hoto, a hannunsu ya fi samu, a unguwarsu, kusa da darensu.

Bahaushe ma yana da nasa daren a wajen ganuwa. Akwai wasan makaɗa a otal, inda irin su Mamman Shata kan kai asuba. Akwai ajo. Akwai gidajen mata masu zaman kansu da goge da kukuma, da 'yan daudu masu tuwo da kaji a bakin tasha. Duk wannan suna ɗaya ya haɗa shi, bariki, kuma wanda aka ce masa ɗan bariki ba yabonsa aka yi ba. Masu hoto sun shiga wuraren nan, don inda ake liƙi ana son shaida. Hoton da ya fi ciniki a daren Hausa shi ne na mutum tsaye gaban makaɗi, hannu a sama, takardar kuɗi na shirin sauka a goshi. Yana buƙatar irin kunnen da Sidibé ya yi aiki da shi, don sai an san lokacin da maroƙi zai ambaci suna sannan a san lokacin da hannu zai shiga aljihu. Amma hoton nan ina za shi? Mai shi zai karɓa, ya nuna wa abokai, ya sa a ƙasan akwati. Ranar da ya je Makka ya dawo, ko aka ba shi limancin masallacin unguwa, ko 'yarsa ta isa aure, hoton ya zama abin da ba a so a gani. Matar da ta bar bariki ta yi aure ta fi shi buƙatar ya ɓace. Hausawa na cewa dare rigar mugu. Ko ga wanda ba mugu ba riga ce, filashi kuwa tuɓe ta yake yi.

A ƙauye lamarin ya juye. Bayan an yi girbi an cika rumbu, wata ya yi fari, 'yan mata kan fita dandali su yi gaɗa, samari na gefe, mai kalangu na tsakiya. Ga kasuwar dare da aci-balbal, ga masu tallan gyaɗa da rake, ga kokawa, ga kalankuwa a garuruwan da ke yin ta, ga tashe in azumi ya kai goma. Ba wanda yake jin kunyar wannan dare. Iyaye sun san inda 'ya'yansu suke, su ma a nan suka ga juna. A ganina shi ne daren da ya yi daidai da na Sidibé, dare na 'ya'yan gida, mai motsi da ado da gasa da soyayya. Sai dai babu lantarki, babu ɗakin wanke hoto sai an je birni, fim da batir kuɗi ne, kuɗin 'yar talla kuma na kayan ɗaki ne. Sannan mutum ba ya biyan kuɗi a ɗaukar masa abin da yake gani kullum. Daren da ke da haske ba shi da mutunci, daren da ke da mutunci ba shi da haske. Tsakanin waɗannan biyun mai hoton Kano ya rasa abin da takwaransa na Bamako ya samu a wuri guda.

Cewa abin zai iya yiwuwa, Sanlé Sory ya nuna. Ya buɗe Volta Photo a Bobo-Dioulasso a 1960, yana ɗaukar samari da makaɗa, yana yi wa ƙungiyoyi irin su Volta Jazz hoton bangon faifai. Shi bai jira ƙauye ya zo masa ba. Yakan ɗauki kayan sauti da fitilu ya tafi karkara, ya shirya rawa a fili, ya ɗauki hoton waɗanda suka zo. Wato ya kai hasken, ya kai kiɗan, sannan ya sayar wa mutane kamanninsu. Ɗan kasuwa ne na gaske. Amma a lura, daren birni ya kai musu. Rawarsu ta gado shi ma ba ita ya je nema ba.

Hoto ya shiga ƙauyukan arewacin Kano ta wasu ƙofofi, kuma duk da rana. Ta farko ta malamai ce da shugabanni. Tun kafin talaka ya ga fuskarsa a takarda ya ga ta Shehu Ibrahim Inyass a bangon zaure, ya ga ta Sardauna ko ta Malam Aminu Kano gwargwadon inda gidan ya karkata, daga baya ta Sarki Ado Bayero a kalanda. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa maganar hoto ba ta taɓa zama a rufe ba a wurin malamai. Saɓani ne, wasu sun ƙyamace shi gaba ɗaya, wasu sun bambanta shi da sassaƙa da zane, wasu sun yarda da na larura. Ƙofa ta biyu ita ce larurar: fasfo na aikin hajji, na makaranta, na neman aiki, daga baya na katin zaɓe da katin ɗan ƙasa. Ta uku ranar kasuwa da ranar Sallah, lokacin da mai hoto kan rataya ƙyalle a jikin katanga ya jira masu sababbin kaya.

A gaban ƙyallen nan ne daren birni ya iso ƙauye, kuma ɗan cirani ne ya kawo shi. Saurayi ya gama aikin gona, ya shiga mota zuwa Kano, ya yi dako ko ga-ruwa ko facin takalmi, ya kwana a Fagge ko Kurna, ya ga fim ɗin Indiya da na Sin. Kafin ruwa ya sauka ya koma gida da baƙin tabarau da agogo da rediyo. In ya tsaya a ɗauke shi, ba manomi yake so a gani ba. Zai karkata hula, ya tura hannun riga don agogo ya fito, ya ɗora ƙafa a kan kujera irin ta jarumin fim, ko ya dunƙule hannu irin na Bruce Lee. Baƙin tabarau da tsakar rana a gindin katangar ƙasa, alama ce ta cewa mai shi ya ga gari da dare ya dawo lafiya. Masu nazari kan ɗauki irin waɗannan hotuna da wasa, su ce kwaikwayo ne. Ni ina ganin su ne mafi gaskiyar abin da ya rage na dangantakar ƙauye da bariki, don a cikinsu mutum ya nuna iyakar abin da ya yarda a sani.

Ta wajen mata kuma wata fasaha ce ta tsiro, wadda nake ganin ita ce gwanintar mai hoton ƙasar Hausa ta kansa. Sidibé ya koyi kama jiki a sake. Namu ya koyi ɗaukar kunya. Budurwa ba za ta ƙura wa kyamara ido ba, musamman in namiji ne a bayanta. Za ta kau da kai, ta sa hannu a haɓa, ta ja mayafi. Mai hoton da bai iya ba zai ce ta ɗago, sai ya sami fuska a daskare irin ta fasfo. Wanda ya iya zai bar ta a yadda take, ya matsa gefe, ya bar haske ya faɗa a kan lalle da ɗan kunne da gefen kunci, ya jira ƙawarta ta faɗi abin dariya. Hoton da ya fito ya cika sharuɗɗa biyu masu wuyar haɗuwa: saurayi ya gani ya ji daɗi, uwa ta gani ba ta yi faɗa ba. Kuma hoton nan ba na bango ba ne. Kaya ne na zance, ana bayarwa ana karɓa, in an ɓata a aiko a ce a dawo da shi. Akwai ma tsoron kada ya faɗa hannun wanda zai kai shi wurin boka. Al'ummar da ta ɗauki hoto a matsayin wani yanki na jikin mai shi ba za ta so a bar dodon hoton a shagon wani ƙato shekara talatin ba.

Nan ne zancen adana ya shigo, kuma a kansa ɗaukakar su Sidibé ta tsaya. Sun shahara ne saboda sun ajiye dodon hotunansu a kwali da lamba. Da aka fara taron masu hoto na Afirka a Bamako a 1994, masu neman kayan fasaha daga Faransa sun tarar da abin ɗauka, shekara guda bayan nan aikin Sidibé na rataye a Paris. Sanlé Sory ma da ƙyar nasa suka tsira, don ana ba da labarin cewa Florent Mazzoleni, Bafaranshe mai binciken kiɗa, ya same shi yana ƙona su, sai ga shi a 2018 ana baje su a Chicago. Tun daga shekarun 1980, da hoto mai kala ya yi ƙarfi, mai hoto a yankin nan duka ya daina wanke aikinsa da hannunsa. Ya zama mai ɗauka ya kai inji. A wurin biki sai ka ga ya ɗauka ba a gayyace shi ba, ya ruga a babur, ya dawo kafin a watse, ya baje hotuna kowa ya nemi fuskarsa. Wanda aka saya ya tafi, wanda ba a saya ba ya zama shara. Abin da ya tsira daga wannan, zafi da ƙura da gara da damshin damina suna jiransa, kalar ma da kanta tana koɗewa.

Sai a shekarun 1990 mai hoton Kano ya sami fuskokin da ke so a gan su. Fim ɗin Hausa na bidiyo ya fara da Turmin Danya a 1990, kafin ƙarshen shekarun ya zama kasuwa, mujallar Fim ta Ibrahim Sheme ta fito a 1999. Aka shiga buƙatar hoton fosta da kwalin kaset da kalanda da sitika. Gala ta zama sabon dare, 'yan wasa na rawa a dandamali, fitilu na juyawa, ana liƙi. A nan Bahaushiya ta dubi kyamara kai tsaye don a buga a sayar, kuma hotunan sun bi motocin kasuwa har Kunchi da Makoɗa, sun manne a shagon aski da teburin mai shayi da tankin babur. Masu hoto irin su Sani Maikatanga, wanda aka sani da hotunan 'yan fim da na hawan Sallah, sun yi suna ta yadda na baya ba su samu ba. Amma tsohuwar iyakar ba ta gushe ba. An ƙaddamar da shari'a a Kano a 2000, aka kafa hukumar tace finafinai a 2001. A 2007 wani bidiyon waya na wata 'yar fim, wanda ba don jama'a aka ɗauka ba, ya bazu a gari, aka dakatar da harkar fim, aka ƙara tsaurara doka. Abin da mutanen da ke karɓe dodon hotonsu suke gudu tun da, shi ne ya faru, sai dai yanzu babu dodon da za a karɓe.

Waya ta sauya lissafin ƙauye fiye da na birni. Layin salula ya shigo Nijeriya a 2001, kyamara ta biyo baya, kamfanoni irin su Tecno har suka gyara tasu don ta iya da baƙar fata a ƙaramin haske, matsalar da ta sha kan masu filashi shekara da shekaru. Ga sola, ga shagon caji, ga gidan kallon ƙwallo da janareta. Yau yaro a Minjibir ko Bagwai yana iya ɗaukar hoto ɗari a dare guda bai kashe ko kwabo ba. Sai dai kyamara ta iso dandali a makare. Makarantar dare da wa'azi da kallon fim da wayar kanta sun janye 'yan mata daga gaɗa a garuruwa da dama. Abin da ake ɗauka yanzu majalisar samari ce, da rawar biki a gaban lasifika, da hoton kai da kai wanda manhaja ta goge masa kurajen fuska ta ƙara masa fari. Wannan na ƙarshe yana ba ni haushi, amma in an yi adalci, jikan baƙin tabarau ne na ɗan cirani.

Akwai wani dare da har yanzu yake da haske da mutunci tare, kuma shi ne na cikin gida: kamu, da sa lalle, da wunin mata, da kiɗan ƙwarya irin wanda Barmani Choge ta fito da shi fili. Namiji ba ya shiga can sai a takure. Glenna Gordon, Ba'amurkiyar da ta ɗauki marubutan littattafan soyayya na Kano ta fitar da littafin hotuna a 2016, ta shiga ɗakunan da abokan aikinta maza ba za su taka ba, don kawai ita mace ce. In za a sami wanda dare zai rena a ƙasar Hausa kamar yadda ya reni Sidibé, na fi zaton mace ce, daga cikin 'yan matan da yanzu ake kira su ɗauki bikin ƙawaye. Ko za ta iya nuna wa duniya abin da ta ɗauka, wannan wata magana ce, don matan da suka cire mayafi a gabanta sun cire ne bisa amana.

Amanar nan ce kuma za ta tari duk mai son tattara tsofaffin hotunan Kano. A Mali, wani shiri da Jami'ar Jihar Michigan ta jagoranta ya kwafi dodon hoto wajen 100,000 daga rumbun masu hoto biyar, cikinsu har da Sidibé da Sitou, kuma da masu hoton ko iyalansu aka yi yarjejeniya, tunda kayan na hannunsu. A Kano, Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa da Mambayya suna da hotunan sarakuna da Turawa da 'yan siyasa. Na talakawa suna cikin akwatunan tsofaffi da ƙasan kwalla, ɗaya-ɗaya, wasu da hatimin situdiyo a baya. Mai neman su ba shago zai je ba, gida-gida zai bi, ya yi sallama, ya jira a yi masa iso. A Bamako mai hoto ne ya zaɓi abin da aka rataya a Paris, ba a bi waɗanda ke ciki ɗaya-ɗaya an tambaye su ba. A Bichi ko Ɗambatta, Hajiyar da ke cikin hoton ita ke riƙe da shi, kuma in ta fito da biyar ta mayar da biyu, ukun nan su ne abin da mai bincike zai samu.